Randar Bahaguwa

Jawabin da Alhaji Usman Maɗinki ya yi a taron tunawa da marigayi Malam Nasidi Bahago, ranar addu'ar arba'in, a ƙofar gidansa da ke Lungun 'Yan Kwari, Ƙofar Kibo, birnin Zariya.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe, wakilin Hakimi. Allah Ya gafarta Malam, limamin unguwarmu, da na'ibinsa. Mai Unguwa, Allah Ya ja zamaninka. Malamanmu na zaure da na boko, tsofaffin abokan aikin marigayi, da ɗalibansa waɗanda yau wasunsu sun yi furfura. Hajiya Ummukulsum, wadda take cikin takaba tana jin mu daga cikin gida, ina yi miki gaisuwa ta musamman. Jamaluddeen, babban ɗa, da ƙanwarka Batul da ta taso daga Gyallesu, da sauran dangi. Dattawan lungun nan, maza da mata. Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ni maɗinki ne, allura na sani, ban iya jawabi ba. An zaɓe ni ne don shekara sittin da takwas muna tare da marigayi, tun muna yawo ba wando. Da an san abin da zan faɗa, wataƙila da an ba wani. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bayan addu'a, magana ɗaya ce ta kawo ni. In ka shiga zauren gidan nan, akwai shago a hannun dama, inda Malam ya tara kayan tarihin kakanninmu. Na ji an ce ranar Asabar mai zuwa za a kawo a-kori-kura a kwashe abin da ke ciki. Saura kwana huɗu ke nan. Ku riƙe wannan a ranku, zan dawo kansa.

Ga baƙinmu na nesa, bari in faɗa muku ko su wane ne mu. Ana ce mana 'Yan Kwari. A bayan dutsen Kufena akwai wani wuri da muke kira Kwarin Ɗinya. Can kakannin kakanninmu suka zauna, maza suna noma da ƙira, mata suna ginin tukwane. Daga baya suka taso suka shigo cikin ganuwa, aka ba su wannan lungu. Suka yi karatu, suka haifi malamai da ma'aikata da 'yan kasuwa. Sai muka wayi gari muna jin kunyar kwarin. A makaranta in ana so a ɓata mana rai, sai a ce mana jikokin masu bautar dutse. In yaro ya dawo gida ya tambayi kakarsa daga ina muke, sai ta ce, "Daga nan muke mana, tafi ka yi wasa." Duk muka haɗiye, muka ja bakinmu muka tsuke. Mutum ɗaya ne ya ƙi yin shiru, shi ne wanda muka taru dominsa yau.

Ya kasance bahago tun daga haihuwa. An yi ɗauri, an yi duka, an yi zagi. Ya koyi ci da dama, ya koyi gaisawa da karɓar abu da dama, kamar kowane ɗa mai tarbiyya. Amma alli da alƙalami sun ƙi rabuwa da hagunsa har ya koma ga Allah. Sunan da muka laƙaba masa don tsokana shi ya bi shi, har ya danne na yanka.

Ya kasance malamin firamare shekara talatin da biyar. Sau biyu ana kiransa ofis a ba shi kujera mai juyawa, sau biyu yana cewa shi ƙurar alli ta fi masa lafiya. Akwai mutane a kan tabarmar nan da ba su iya rubuta sunansu ba sai da suka girma, kuma a zauren nan ya koya musu bayan la'asar, bai taɓa karɓar ko goro ba. Ba sai na nuna su ba, sun san kansu.

Ya kasance ladanin masallacin lungun nan shekara ashirin da biyu. Muryarsa ba daɗi ne da ita ba, na sha faɗa masa, amma ba ta taɓa makara ba.

Ya kasance kuma mai taurin kai, Allah Ya gafarta masa. Wata Asabar da damina, shekara arba'in da ɗoriya ke nan, ya iske ni a shagona ina kan aikin aska takwas na wata babbar riga. Sai ya ɗora min wani baƙin dunƙule a kan yadin mutane. Na ce, "Kai Bahago, ɗauke min ƙazantar nan!" Ya ce, "Shehu, kashin maƙera ne. A kwari na tsinto shi. Ka san abin da yake nufi? Kakanninmu sun iya narkar da ƙarfe daga dutse." Na ce, "To in kashi ne, ai ka san inda ake kai shi." Shago ya kwashe da dariya, har da shi. Ya mayar da abinsa aljihu ya tafi.

Tun daga ranar bai huta ba. Duk hutun makaranta yana kan keke zuwa kwari, musamman bayan an yi ruwa, don ruwa ne ke tone masa ƙasa. Ya kawo duwatsun niƙa, ya kawo gatarin aradu, ya kawo duwatsun wuya na mata da bakin zugazugi da tsingaro buhu-buhu. Kowane ɗaya ya manna masa lamba, ya rubuta a littafi inda ya same shi da ranar da ya same shi. Ya zauna da tsofaffin matan lungun nan kafin su ƙare, ya lallashe su da goro har suka faɗa masa abin da suka ƙi faɗa wa 'ya'yansu. Littafi bakwai ya cika.

Mu kuma me muka saka masa da shi? Kalma biyu muka jefe shi da su. Masu sauƙin kai suna cewa tarkace, masu zafin kai suna cewa tsafi. Kun tuna, ku dattawa, shekarar da wasu suka je wurin marigayi tsohon liman suka ce a cire shi daga ladanci, wai mai ɗakin gumaka ba zai kira mu salla ba. Bai yi faɗa da kowa ba. Ya buɗe musu shagon, ya jawo wani dutsen niƙa da cikinsa ya lotse, ya ce, "Ku duba zurfinsa. Mata nawa suka durƙusa a kan wannan kafin ya yi haka? Wataƙila wadda ta haifi kakanka tana cikinsu. Ni ban bauta masa ba. So nake jikokinku su san ba daga sama muka faɗo ba." Suka fita kai a sunkuye, maganar tsafi ta mutu daga ranar. Amma kalmar tarkace ba ta mutu ba, kuma ni ne babban mai ɗauke da ita. Ina ganin wasa nake yi da abokina.

Sai masu fasa dutse suka shiga kwarin. Malam ya rubuta takardu har hannunsa ya gaji. Ya bi ofis-ofis, kullum ana ce masa fayil ɗinsa yana kan tebur. Ya zo wurinmu ya ce mu taru mu yi magana da murya ɗaya, muka ce masa in Allah Ya yarda. Tifa tana shiga tifa tana fita. Mu da kanmu muka sayi tsakuwar muka zuba dakalin gidajenmu, har da na maƙwabcin nan da nake tsaye a kai yanzu. Duk wanda ya je kwarin kwanan nan ya san abin da zai gani: ramuka cike da koren ruwa. Babu kangon gida, babu maƙera, ɗinyar ma an sare. Abin da ya rage na Kwarin Ɗinya a duk faɗin duniya shi ne abin da ke cikin shagon nan.

A cikin kayan akwai abin da ya fi so, wata randa. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ruwa ya zaftare gaɓar wani kwazazzabo, ya same ta a farfashe. Babba ce, ta kai ƙugun mutum, kaurinta kamar tafin hannu. Ya yi ta kwaso ta ɓari-ɓari. Hajiya ce take dafa masa ƙaro yana liƙawa, kafin daga baya ya koma gam na kanti. Sai da ya haɗa ta ta zama manyan ɓari biyu, ya jingine su a bango ya rufa musu buhu. Bai haɗe su ba, don saura gutsure ɗaya na bakinta da bai samu ba, kuma ya ce in ya rufe ta ba zai shiga ba. Ya hana ko hoto a ɗauke ta, wai sai ta cika.

Sau ɗaya na taɓa ganinta, shi ma jan rigata ya yi. A wuyanta akwai ado, jerin gurabu da maginiyar ta danna da babban yatsa tun yumɓu yana ɗanye. Ya ce, "Shehu, sa yatsanka." Na sa na dama, ya ƙi zama, ya karkace. Ya sa nasa na hagu, ya zauna daram. Na ɗaga kai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Bahaguwa ce ta gina ta. Kuma ka ga aikinta, ba wanda ya ɗaure mata hannu." Ni kuwa sai na ce masa ashe dangin miskilai sun daɗe a duniya. Na fita, ban ƙara leƙa shagon ba shekara tara.

A markar bana aka kwana uku ana ruwa. Rana ta huɗu ya hau acaɓa ya tafi kwari, yana da shekara saba'in da huɗu, Hajiya tana roƙonsa ya bari. Ruwa ya sake kama shi a can. Ya dawo yana rawar ɗari, sanyi ya shiga ƙirjinsa. Kwana shida ya yi a asibiti, ranar Alhamis da hantsi Allah Ya karɓi abinsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yanzu na zo wurin da bakina yake min nauyi. Wasunku sun sani, yawancinku ba su sani ba.

Kun san al'adarmu, in an sa mamaci a makwancinsa, da ɓarin tukwane muke rufe bakin ramin kafin a sa kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ranar nan a-daidaita-sahun da ya ɗauko tukwanen ya faɗa rami a hanya, biyu suka ragargaje. Muna maƙabarta, makara a ƙasa, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, sai mai haƙan kabari ya ce tukwane ba za su isa ba. Jamaluddeen yana cikin rami yana jiran ya karɓi mahaifinsa, bai ji komai ba. Kowa ya juyo yana kallona, don ni ke tsaye a kan komai. Sai bakin nan nawa ya ce, "Haba! Bahago ne zai rasa tukunya? Ku je shagonsa, tarkacen tukwane ne cike. Makulli yana bayan ƙyauren zaure."

Maƙwabta biyu suka hau babur. Ba zan faɗi sunansu ba, aike na yi, suka je. Suka dawo da manyan ɓari biyu a cikin buhu, an riga an fara yayyafi. Mai haƙan kabari ya ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa ya ce, "Kai, waɗannan tukwane ne na gaske. Yanzu ba a yin irinsu." Da hannuna na karɓa, da hannuna na miƙa. Yatsuna sun bi ta kan gurabun nan, wallahi na ji su, amma zuciyata ba ta ce min komai ba. Muka kife su, muka liƙe da ƙasa, muka tayar da kabari, muka yi addu'a a gurguje, muka gudo daga ruwa. A hanya har ina jin na yi wa abokina ƙoƙari.

Ranar uku, muna zaune a zauren nan ana karɓar gaisuwa, Batul ta buɗe shagon. Sai ta fito ta durƙusa a gefena ta ce a hankali, "Baba Usman, ina randar Malam?" Na ce, "Wace randa?" Kafin in rufe bakina na riga na sani.

Na je wurin Liman na tambaye shi ko akwai hanya. Ya ce babu, ba a tone Musulmi saboda tukunya, kuma gaskiya ya faɗa. Wasu suka zo suna ba ni haƙuri, wai ai ta bi mai ita, wai ma ya dace. Don Allah kada wanda ya ƙara faɗa min haka. Mamaci ba ya bukatar randa, aikinsa na ƙwarai yake bukata. Bahago bai yi shekara goma sha ɗaya yana liƙa ta don a rufa masa ba, ya yi ne don yaran lungun nan su zo su sa yatsa. Babu hotonta, sai zanen fensir a littafi na shida. Ba maƙiyi ne ya yi mana wannan ba, ba masu fasa dutse ba ne. Amininsa ne, cikin ƙauna da gaggawa, saboda shekara arba'in yana kiran abu tarkace har ya yarda tarkace ne. Kwana talatin da bakwai ke nan abinci ba ya min daɗi. Ina jin kunya, ina jin baƙin ciki, kuma da na sani ƙeya ce.

Hajiya, na san kina ji. Ban samu fuskar da zan faɗa miki a keɓe ba, shi ya sa na faɗa a gaban jama'a. Ke kika dafa ƙaron, hayaƙinsa a idonki ya ƙare. Ki yafe min don Allah.

Batul, 'yata, ke kika zame masa ido da nasa suka raunana. Duk Juma'a kina baro gidanki da 'ya'yanki ki zo ki karanta masa littattafan nan, yana gyara miki. Yau duk lungun nan ke kaɗai kika san wace lamba ce ta wane dutse. Kada ki ce ke mace ce, ki yi shiru a bar wa maza magana. Mazan ne suka rufe randar.

Jamaluddeen, ɗana. Ban zo in kunyata ka ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na san gidan ya yi muku kaɗan. Na san rufin shagon yana zuba, kuma so kake ka gyara shi ka dawo kusa da mahaifiyarka, Allah Ya yi maka albarka a kan haka. Na kuma ji wani baƙo ya zo ya ce zai zaɓi masu kyau ya tafi da su, sauran a cike zaizayar bayan masallaci da su. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In aka raba kayan nan da juna, aka raba su da littattafan, dutse ya koma dutse ke nan, ba wanda zai ƙara sanin na wane ne. Abin da na yi cikin rashin sani a minti goma, kada ka yi shi da saninka ranar Asabar.

Ba da baki kawai na zo ba. Idona ya daina ganin kafar allura, shagona na ɗinki yana rufe tun bara. Daɓen siminti ne, rufin kwano, ba ya yoyo. Na bayar da shi, wakilin Hakimi da Liman da Mai Unguwa ku zama shaida. A mayar da kayan can gaba ɗaya, Batul tana tsaye da littafi, ana kiran lamba ana ɗauka. Ba ma bukatar mota. Mu da muka yi dariya mu za mu ɗauka a ka, kuma ni zan fara ɗaukar kashin maƙeran nan. Amma gado naku ne, ba mai taɓa ko tsingaro ɗaya sai da yardarka.

Saura abu ɗaya. Ranar bakwai Hajiya ta aiko min da wani ƙulli a hankici. Ta ce a aljihun rigar da ya sa ranar da ya je kwari ta same shi. Saƙonta kawai shi ne, "Ka ajiye, kai ne amininsa." Da zagina ta aiko da shi, da ya fi min sauƙi. Ga shi, ku gani. Gutsuren bakin randar ne, da gurbin yatsa ɗaya a jikinsa. Ashe ya same shi. Ya same shi a cikin ruwan da ya kwantar da shi, ya sa a aljihu, bai samu ya kai shi shago ba. Ranar da muke kife randar a kansa, cikonta yana rataye a ƙusa a ɗakin Hajiya.

Jamaluddeen, taso. Matso kusa. A'a, mayar da damar, da hagu za ka karɓa. Na san ba tarbiyyarmu ba ce, na san manya suna kallo, laifin a wuyana. Ku da ba ku sani ba, shi ma da hagu aka haife shi. Kakarsa ce ta ɗaure hannun lokacin da Malam yake aiki a ƙauye, kuma mu muka taya ta. Sa babban yatsanka a gurbin. Kada ka danna, ɗora kawai. Ya zauna ko? Na ga ya zauna.

Riƙe shi, ya fi ƙarfin aljihuna. Ba zan ce ka ba ni amsa a gaban mutane ba. Ka tafi da shi. Ranar Asabar in motar ta zo, ka sa hannu a aljihu kafin ka ɗauko makulli.

A madadin iyalan marigayi da jama'ar Lungun 'Yan Kwari, muna godiya ga wakilin Hakimi, da Liman, da Mai Unguwa, da duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Muna godiya ga matan da suka yi ɗawainiyar abinci, da maƙwabtan da suka ba da tabarmi. Allah Ya ba da lada, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Ya Allah, ga bawanka Nasidi ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata makwancinsa, Ka haskaka shi. Ka sa kiran sallar da ya yi da karatun da ya koyar su tsaya masa ranar da ba mai tsaya wa wani. Ka ba Hajiya haƙuri, Ka haɗa kan 'ya'yansa, Ka ba ɗansa ikon yanke abin da ya fi alheri. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Ya Allah, Ka yafe mana dariyar da muka yi wa bawan nan naka, Ka yafe wa Usman maɗinki abin da hannunsa na dama ya aikata.

Amin. A yi masa Fatiha.